Yadda Za Ka Ziyarci Haikalin Dimitra da Ke Tsakiyar Gonakin Sangri a Tsibirin Naksos

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin rumbu ƙarshen rani yana ƙiyasta ko hatsin da ya rage zai kai gidansa kaka, kuma ya hana kowa taɓa irin shuka duk da ƙarancin tuwo, ba ya buƙatar dogon bayani kafin ya gane abin da ya sa manoman Naksos suka kafa wurin bauta a tsakiyar gonakinsu. Fargabar da ke zuciyarsu ita ce wadda muka sani: a zuba iri a ƙasa, a koma gida, a jira. Su ba su da wanda za su kai wa wannan fargaba sai allolin da suka gada, Dimitra da 'yarta Kore.

Wurin yana wani kwari da ake kira Gyroulas, ana furta shi Yirulas, kudu da ƙauyen Ano Sangri, a tsibirin Naksos na ƙasar Girka. An gina haikalin wajen shekara ta 530 zuwa 520 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), da farin dutsen mabul tun daga tushe har rufi. Bautar da ake yi a cikinsa ta mutu fiye da shekara 1,500 da suka wuce, don haka mai zuwa yau kallon tarihi ne ya kai shi. Na ga masu yawon buɗe ido suna sauka daga mota, su ɗauki hoto, su juya cikin minti goma sha biyar. Sun yi asarar kuɗin mota. Wurin manoma ne, kuma sai ka fara kallon gonakin sannan ginin zai yi maka magana. A kan haka na tsara wannan jagora.

Mataki na farko: san uwar da 'yarta tun kana gida

Girkawan yau suna cewa Dimitra, a littattafai kuma za ka ga Demeter. Rabin sunan na ƙarshe ma'anarsa uwa. Ita ce a wurinsu mai alkama da sha'ir, wadda ta koya wa mutane noma. Bahaushen da ya taɓa jin Maguzawa na ambaton Uwar Gona zai gane irin matsayin nan take, ko da yake al'ummomin biyu ba su haɗa hanya ba. 'Yarta ita ce Persefoni, amma a wuraren bauta an fi kiranta Kore, wato budurwa.

Tatsuniyarsu ta ce Kore tana tsinkar furanni sai ƙasa ta tsage, Hades sarkin matattu ya fito ya sure ta. Uwar ta yi ta yawo da sanda mai ci da wuta a hannu tana cigiya, ba ci ba sha. Da ta gane da yardar Zeus, sarkin allolinsu, aka yi abin, sai ta hana ƙasa tsiro. Shanu suka yi ta jan garma a banza, iri ya ruɓe a cikin kunya, yunwa ta kusa ƙarar da mutane. Dole aka dawo mata da 'yarta. Sai dai kafin ta fito Hades ya ba ta ƙwayar rumman ta haɗiye, kuma wanda ya ci abincin lahira ba ya rabuwa da ita. Aka yi sulhu a kan ta riƙa yin kashi ɗaya cikin uku na shekara a ƙarƙashin ƙasa, sauran kuma wurin uwarta.

Tsohuwar riwayar ta ce Kore tana dawowa ne lokacin da furanni suka buɗe bayan hunturu. Wasu masana kuwa suna ganin ɓatanta ya fi dacewa da watannin rani, lokacin da gonaki ke ƙonewa ƙurmus, irin shuka kuma yana ɓoye a tuluna da ramukan ajiya, fitowarta ita ce ranar da aka buɗe ajiya za a yi shuka. Ni wannan fassarar ta biyu ta fi kwanta mini, wataƙila don na tashi a inda ake liƙe bakin rumbu da laka.

Bikinta mafi yaɗuwa a garuruwan Girka shi ne Tesmoforiya, na matan aure zalla, ana yin sa gab da shuka, wajen watan Oktoba. A Atina, babban birnin Girka na yau, kwana uku ake yi: ranar hawa zuwa wurin bauta, ranar azumi da matan ke zama a ƙasa suna juyayi tare da uwar, sai ranar roƙon kyakkyawar haihuwa. Akwai ramuka da ake jefa 'ya'yan alade a ciki, bayan sun ruɓe a kwaso ragowar a gauraya da irin shuka. Namiji ba ya leƙa wurin. Riƙe wannan hoton a ranka, zai yi maka amfani idan ka tsaya a cikin ginin.

Mataki na biyu: zaɓi wata, sannan ka zaɓi rana

Kalandar noman Girka kishiyar tamu ce. Ruwansu a hunturu yake sauka, ana shuka hatsi a Oktoba da Nuwamba, a girbe a Mayu da Yuni. Yuli da Agusta rani ne sosai, ga zafi, ga cunkoson baƙi, ga wata iskar arewa mai ƙarfi da suke kira meltemi wadda takan sa ƙananan jiragen ruwa su makara ko su fasa tashi. Masauki ma a lokacin ne ya fi tsada, musamman wajen 15 ga Agusta da Girkawa ke babban hutun addininsu.

Idan da hali, ka je tsakanin tsakiyar Afrilu da ƙarshen Mayu. Kwarin yana kore shar, jajayen furanni sun cika gefen hanya, hatsi ya fara nuna. Wanda bai samu wannan ba ya nufi ƙarshen Satumba ko Oktoba, lokacin da ƙasa ta bushe tana jiran ruwan farko, wato daidai lokacin da matan Girka na zamanin da suke bikinsu.

Ranar Talata kuwa ka kauce mata. Yawancin ƙananan wuraren tarihi na gwamnatin Girka a rufe suke ranar, kuma ko a sauran ranaku da sassafe ake buɗewa, wajen ƙarfe takwas da rabi, a rufe da rana tsaka, wajen uku zuwa uku da rabi. Lokutan suna sauyawa daga kaka zuwa kaka, haka ma kuɗin shiga, saboda haka ka sa mai masaukinka ya tabbatar maka tun daren jajibere. Ranar 18 ga Afrilu da 18 ga Mayu suna cikin ranakun da ake shiga wuraren tarihin gwamnati kyauta.

Ni zuwana na farko Talata ce. Na tako tun daga ƙauye na iske ƙofa a garƙame. Wani dattijo da ke wucewa a kan tarakta ya rage gudu, ya juya ɗan yatsansa a iska yana cewa "avrio, avrio", wato gobe. Raina ya ɓaci a lokacin, amma da na ga ba abin yi sai na bi gefen gonaki ina zagayawa, ina hango fararen ginshiƙan daga nesa ta kowace kusurwa. A wannan yawon ne na ci karo da tsohuwar masussuka, da'ira ce da aka shimfiɗe da faffaɗan duwatsu aka kewaye bakinta da wasu a tsaye, a kan ɗan tudu inda iska ke kaɗawa don sheƙe hatsi. Ciyawa ta fito ta tsakanin duwatsun. Washegari da na shiga haikalin, da idon wanda ya ga masussukar nan na kalle shi.

Mataki na uku: takardu da hanyar zuwa tsibirin

Girka tana cikin ƙasashen Shengen. Mai fasfo ɗin Najeriya, Nijar, Gana, Kamaru, Cadi ko Sudan sai da biza. Girka tana da ofishin jakadanci a Abuja. Wanda ke wata ƙasa ya fara binciken ofishin da ke karɓar takardun Girka a inda yake zaune. Kuɗin biza ga babba Yuro 90 ne tun watan Yunin 2024, ana neman inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000, da shaidar masauki, da tikitin zuwa da dawowa, da bayanan asusun banki. Doka ta yarda ka miƙa takardu tun saura wata shida, kada kuma ka bari ya rage ƙasa da kwana 15. Mai son ganin korayen gonakin Afrilu ya fara shiri tun Janairu.

Daga ƙasashenmu sai an ya da zango kafin a isa Atina, galibi a Alƙahira, Istanbul ko Adis Ababa. Daga Atina hanya biyu ce. Ƙaramin jirgin sama yana kai wa Naksos cikin kusan minti 45, amma kujerunsa kaɗan ne, suna ƙarewa da wuri. Ko kuma ka tafi tashar jiragen ruwa ta Piraeus, jirgin ƙasa na cikin gari yana zuwa can har daga filin jirgin sama. Babban jirgin Blue Star yana ɗaukar awa biyar da 'yan kai, masu gudu kuma kusan awa huɗu. Wanda bai saba da teku ba ya hau babban, ya fi kwanciya a kan ruwa, ga fili a sama da za ka sha iska. A tikiti da allunan tasha za ka ga an rubuta Naxos.

Agogon Girka yana gaban na Najeriya da Nijar da awa biyu daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, da awa ɗaya a sauran watanni. Soket ɗinsu mai ramuka biyu ne zagayayyu, mai caja irin ta Najeriya ya tafi da mahaɗi.

Jirgi na shiga tasha, ka duba hagu. Za ka ga wata ƙatuwar ƙofar mabul tsaye ita kaɗai a kan ɗan tsibiri, babu bango babu rufi. Ita ce Portara, ƙofar haikalin Apollo, ɗaya daga cikin allolinsu, da aka fara a zamanin Ligdamis, mai mulkin kama-karya da ya riƙe Naksos daga wajen 545 zuwa 524 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). An tumɓuke shi, ginin ya tsaya ba a gama ba. A zamanin nasa ne kuma aka gina na Sangri, shi kuwa an kammala shi.

Mataki na huɗu: daga Hora zuwa Sangri

Babban garin tsibirin sunansa Hora, ana rubuta shi Chora. A nan za ka kwana. Tsakaninsa da Ano Sangri kusan kilomita 11 ne ta hanyar da ta nufi Halki da Filoti. Motocin bas na KTEL suna tashi daga bakin tashar jiragen ruwa. Ka sayi tikiti kafin ka hau, ka gaya wa direba Sangri za ka sauka, ka kuma ɗauki hoton jadawalin dawowa, domin motocin ba su da yawa idan ba a tsakiyar rani ba. Mai son hayar mota ya zo da lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa. Hannun dama suke bi kamar mu, amma hanyoyin ƙauye matsattsu ne, ga kwana, kuma yawancin motocin haya masu giyar hannu ne. Akwai kwalta har kusa da ƙofar wurin, da filin ajiye mota. A allunan hanya ka nemi kalmar Dimitra ko Demeter.

Shawarata ita ce ko da mota ka zo, ka ajiye ta a Ano Sangri ka taka. Tafiyar kusan rabin awa ce, gangare ne a zuwa, hawa a dawowa. Ka ɗauki ruwa lita ɗaya da rabi aƙalla, da malafa ko hula mai baki, da takalmi mai kama ƙasa, domin inuwa ba ta da yawa a hanya. Ka bar ƙauyen kafin ƙarfe takwas.

Hanyar tana bi ta tsakanin katangun duwatsu da aka jera ba laka ba siminti, kowane dutse an nemo masa mazauninsa. Bayan katangun akwai zaitun, da ɓaure, da gonakin sha'ir da ciyawar dabbobi, kana jin ƙararrawar awaki kafin ka gan su. Idan ka murza ganyen ƙananan tsirran da ke gefen hanya za ka ji ƙamshi mai ƙarfi ya kama yatsunka. Yawancin tsibiran wannan yanki, wanda ake kira Kiklades, tsandauri ne da duwatsu. Naksos ce babbarsu, kusan murabba'in kilomita 430, kuma ita ce mai ruwa da ƙasar noma, saboda dutsen Zas mai tsayin mita 1,000 da ɗoriya yana tare gajimare. Tun a zamanin da, marubucin tarihinsu Herodotus ya shaida cewa ta fi sauran tsibirai arziki. Har gobe dankalin Turawanta da cukunta da ake kira graviera sun yi suna a duk Girka. Wannan arzikin na ƙasa shi ya biya masassaƙan da za ka ga aikinsu.

Can za ka hango shi, fari fat a kan ɗan tudu, gonaki sun kewaye shi ta ko'ina. Ka tsaya nan minti biyu kafin ka ƙarasa.

Mataki na biyar: yadda za ka kalli ginin

Bayan ka yanki tikiti, wata shimfiɗaɗɗiyar hanya ta dutse za ta hau da kai tsakanin shuke-shuke. Kada ka faɗa cikin ginin kai tsaye. Ka fara neman ramukan da aka fafe a ƙasa a gabansa, waɗanda ɗan lambatu ya haɗa su. Sun girmi haikalin. Tun ƙarni na 8 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) mutanen kwarin ke taruwa a nan a fili, ba rufi, suna tsiyaya wa allolin ƙasa abin da gonakinsu suka ba su. Mai bauta wa na sama yakan ƙona hadayarsa hayaƙi ya tashi. Mai roƙon ƙasa kuwa cikin ƙasa yake zubawa. Shekara ɗari biyu da wani abu ana haka kafin a aza dutse ɗaya na mabul.

Daga nan ka tsaya a kudu ka fuskanci ginin. Abu na farko da za ka lura shi ne fuskarsa kudu take kallo, alhali yawancin haikalan Girka gabas suke fuskanta. Na biyu, kusan murabba'i ne, kowane ɓangare wajen mita 13, ba dogo ba kamar waɗanda aka saba gani a hotuna. Gabansa baranda ce mai ginshiƙai biyar a jere tsakanin bango biyu. Ginshiƙan sumul suke, ba a yi musu tsagar nan ta tsaye ba. Daga barandar ƙofofi biyu ne ke shiga ɗakin ciki, kuma ɗakin ya fi faɗi a kan zurfi.

Wannan siffa tana da dalili. A haikalin Girka na yau da kullum jama'a ba sa shiga; gunki ne a ciki, mutane suna waje wajen bagaden hadaya. Nan kuwa an yi ɗaki ne da zai ɗauki taro, a rufe ƙofa, a yi abin da na waje ba zai gani ba. Shi ya sa masana ke kwatanta shi da babban zauren asirai na Elefsis kusa da Atina, wanda shi ma na Dimitra da Kore ne. Rubuce-rubucen da aka tono a wurin sun nuna ana girmama Apollo ma a nan.

Yanzu ka matsa inda aka yarda a tsaya ka dubi ɗakin ciki. Jerin ginshiƙai biyar ne suka ratsa shi, daidai bayan na baranda, amma tsayinsu ba ɗaya ba: na tsakiya ya fi tsawo, na gefe suna raguwa, suna bin gangaren rufin. Wanda ya san ginin soro ya san aikin azara da iyakar tazarar da za ta iya ɗauka kafin ta lanƙwashe. To a nan azarar ma dutse ce, doguwa, mai kusan mita huɗu, an ɗora ta daga ginshiƙi zuwa bango. A kanta aka jera ƙananan azarori na mabul, a kansu kuma fale-falen rufi na mabul. Ba katako ko ɗaya, ba silin a ɗakin ciki. Mabul ɗin Naksos manyan ƙwayoyi gare shi kamar gishirin Bilma, kuma idan aka fere shi ya yi siriri haske yana ratsa shi. Ka ƙaddara mutum ya shigo daga hasken rana mai kashe ido, an rufe ƙofa a bayansa, ya ɗaga kai ya ga rufin dutse gaba ɗaya yana fitar da wani haske laushi kamar fitila a bayan farin ƙyalle. Wannan shi ne abin da ya fi burge ni a wurin, kuma ba a ganinsa yau sai da idon zuci, domin rufin ya tafi. Ba mamaki a Naksos aka yi shi: tsohon marubucin nan Pausaniyas ya ce wani mutumin tsibirin mai suna Bizes shi ya fara yanka mabul ya yi fale-falen rufi da shi.

Akwai wata dabara kuma da sai an faɗa maka. Azarorin silin ɗin baranda ba miƙaƙƙu ba ne sak, an ɗan tanƙwara su sama kaɗan, don kada ido ya ga kamar sun lotsa. Irin wannan gyaran ido shi ya sa haikalin Partenon na Atina ya yi suna, amma shi an fara shi a 447 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kusan shekara tamanin bayan wannan na ƙauye.

Ka matso kusa da bango, ba tare da ka taɓa ba. Za ka ga dutse iri biyu. Tsohon ya yi ruwan zuma, gefensa ya cinye, wani wurin da ɗigo-ɗigon sawun kurfi. Sabon kuwa fari ne tas, an yanka shi daidai da karayar tsohon har ya zauna a cikinta kamar haƙori a dasashi. Na daɗe ina bin layin da suka haɗu da ido, wani ɗan ƙadangare yana kwance a kai yana shan hantsi. Da gangan aka bar bambancin launin, don kada a ruɗi mai kallo ya ɗauki sabo a matsayin tsoho.

Yadda aka yi har ginin ya sake tsayawa labari ne mai daɗi. Da addinin Kirista ya kafu, an mai da haikalin coci, sannan a ƙarni na 6 Miladiyya aka rushe shi aka gina babbar majami'a mai layi uku da duwatsunsa. A kewayenta aka yi wuraren matsar zaitun da inabi da ginin tukwane. Ita ma daga baya ta zama kango, aka gina ɗan ƙaramin coci na Ayos Yowanis, wato Yahaya, a kan kufanta. Sauran duwatsun manoma suka yi ta kwasa suna sa wa a katangu da bukkokin gona. A 1949 masanin tarihi Nikolaos Kontoleon ya gano abin da ke ƙarƙashin ɗan cocin. Daga 1976 Vassilis Lambrinoudakis na Jami'ar Atina da Gottfried Gruben na Munik a Jamus suka ɗauki aikin gadan-gadan, suna bin gonaki suna tattaro gutsattsarin, suna auna kowanne. A 1977 aka ɗauke ɗan cocin aka sake gina shi a gefe, yana nan za ka gan shi. Fiye da rabin duwatsun asali aka samu, abin da ba kasafai ake dacewa da shi ba, shi ya ba da damar tayar da wani sashe na ginin a shekarun 1990. Manoman da suka kwashe duwatsun, ba da niyya ba, su suka adana su.

Mataki na shida: gidan tarihin

Yana ɗan gangare kaɗan, an gina shi a jikin tudu yadda ba zai tare wa haikalin fuska ba, an buɗe shi a 2001. Ƙarami ne, mutane da yawa suna wuce shi, kai kada ka wuce. A nan ne za ka ga sassan rufin a kusa, yadda kowane fale ke hawa kan ɗan'uwansa don kada ruwa ya shiga, da gutsattsarin mutum-mutumin samari da aka kawo sadaukarwa, da kayan majami'ar da ta gaji wurin. Idan ka gama, ka koma wurin haikalin karo na biyu. Tikitin ɗaya ne, kuma kallo na biyu ya fi na farko.

Ladabin wuri, salla da abinci

Kada ka hau kan duwatsu, kada ka tsallake igiya. Kada ka ɗauki ko tsakuwa ka sa aljihu. Dokar kayan tarihi ta Girka tana da tsanani, ana kama mutane a filin jirgi a kan haka. Jirgin ɗaukar hoto mara matuƙi sai da izini. Gaisuwa tana buɗe fuskar masu gadi: "kalimera" da safe, "efharisto" wurin godiya. Lambar neman agajin gaggawa 112 ce.

Musulmi kada ya sa ran masallaci a karkarar nan. Ka yi alwala tun daga masauki, alƙibla kudu maso gabas take, kuma ka fita daga harabar wurin tarihin ka nemi gefe mai tsabta da ba gonar wani ba. Idan za ka yi Juma'a a Atina, akwai masallacin gwamnati a unguwar Votanikos da aka buɗe a Nuwamban 2020. Wajen abinci ka kula, tsiren da suke kira suvlaki da naman gyros galibi alade ne idan ba a ce kaza ba. Alade shi ne "hirino", kaza "kotopulo", kifi "psari", "horis" kuma ma'anarsa ban da. Wanda ke son kauce wa shakka gaba ɗaya ba zai kwana da yunwa ba: ga soyayyen dankalin tsibirin, ga cuku, ga wake da ganye da man zaitun, ga kifi. A Halki za a yi maka tayin kitron a ɗan ƙaramin kofi, kore ko rawaya ko fari. Barasa ce da ake yi da ganyen wani irin lemo.

Ragowar yinin

Idan ka fito wajen ƙarfe goma sha ɗaya, da sauran rana. Kusa da Sangri akwai hasumiyar Bazeos, tsohon gidan sufaye na ƙarni na 17 da ake nune-nunen zane a cikinsa da rani. Amma ni inda zan tura ka shi ne Flerio, kusa da ƙauyen Melanes, a hanyar komawa Hora. Tsohuwar mahaƙar mabul ce, kuma a can wani mutum-mutumin saurayi mai tsayin fiye da mita biyar yana kwance a inuwar bishiyoyi, a inda masassaƙa suka bar shi tun ƙarni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ƙafarsa a karye, fuskarsa ba a gama fitar da ita ba. Bayan ka ga abin da dutsen ke zama idan aiki ya yi kyau, yana da kyau ka ga yadda yake idan ya ƙi. Mai mota zai haɗa su a yini ɗaya cikin sauƙi. Mai bin bas ya bar Flerio sai washegari, ya kama hawan komawa Ano Sangri tun rana ba ta take ba, ya kuma tsaya a bakin titi minti goma kafin lokacin da jadawali ya nuna.